Kumburin Hanji da Danginsa

A shekarar 1932 likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu, a asibitin Mount Sinai na birnin New York, suka yi bayanin wata cuta mai kumbura ƙarshen ƙaramin hanji. Sunansa ya bi cutar har yau. Tana da 'yar'uwa, kolaitis mai gyambo, wadda ita a babban hanji kaɗai take zama. Su biyun ake haɗawa a kira kumburin hanji mai daɗewa. Ba tsutsar ciki ke kawo shi ba, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke far wa bangon hanji, sai gudawa, sau da yawa har da jini, da murɗar ciki da rama. Yakan lafa, ya sake tashi.

Sai dai ciwon ba a ciki kawai yake tsayawa ba. Gaɓoɓi ne ya fi yawan leƙawa: gwiwa ko idon sawu su kumbura, ko ƙugu da ƙashin baya su riƙe da asuba, sai mutum ya motsa sannan su saki. A fata akan ga jajayen ƙullutu masu zafi a ƙwauri, ko gyambo mai wuyar warkewa. Ido ma yakan yi ja, ya ƙi haske. Akwai kuma wata cutar hanta mai tsuke hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi, kuma mafi yawan masu ita suna da kumburin hanji.

Wasu daga cikin waɗannan tafiyarsu ɗaya da hanji, in ya lafa su lafa. Ciwon ƙashin baya da na hanta ba ruwansu da wannan. Na hantar yakan ci gaba ko an cire babban hanjin gaba ɗaya.

Me ya haɗa su? Gado yana ciki. A 2006 aka gano cewa ƙwayar halittar da ake kira IL23R tana da hannu a cutar Crohn, daga baya aka same ta a cutar fata ta soriyasis da ta sandarewar ƙashin baya. Magani ma ya ba da shaida. Infiliksimab, mai toshe sinadarin kumburi na TNF, Amurka ta amince da shi don cutar Crohn a 1998, shekara ta zagayo aka fara ba masu amosanin gaɓoɓi.

Duk da haka, dangi ba sa rasa saɓani. Magungunan da ke toshe sinadarin IL-17 suna aiki sosai a soriyasis da sandarewar ƙashin baya, amma da aka gwada ɗayansu a kan masu cutar Crohn bai taimaka ba, wasu ma ciwon ƙaruwa ya yi. Da alama wannan sinadari yana cikin masu tsaron bangon hanji.

A ƙasar Hausa gudawar jini atini ake fara zato, kuma sau da yawa haka ne. Tarin fuka na hanji ma yana kama da cutar Crohn ƙwarai, sai an bincika da kyau ake rarrabe su. Amma wanda gudawa ta daɗe tana dawo masa, ga ciwon gaɓoɓi ko jan ido, gara ya zayyana wa likita duka a zama ɗaya. Ya kuma yi hattara da dikilofenak da ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon gwiwa, domin suna iya tayar da kumburin hanji.