Lambar da ta ƙi rabuwa

Duk ɗan kasuwa ya san cewa buhu 12 suna rabuwa daidai tsakanin mutum 2, 3, 4 ko 6. Buhu 13 kuwa ba sa rabuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki guda. Irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, su ne masana lissafi ke kira lambobi marasa rabuwa. Fiye da shekara 2.000 ke nan da Yuklid, malamin Girka, ya tabbatar da cewa ba su da iyaka: kome girman wadda aka samu, akwai wadda ta fi ta.

Ranar 12 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, ya gano wata lamba marar rabuwa mai alƙaluma 41.024.320. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya shafe fiye da shekara guda da wata uku bai kai ƙarshenta ba.

Amma bayaninta gajere ne. A jera lamba 2 sau 136.279.841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Wannan tsari yana ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin addini na Faransa da ya rasu a 1648. Idan aka ninka 2 uku da juna aka cire 1, ana samun 7. Biyar su ba da 31. Bakwai su ba da 127, kuma dukkansu ba sa rabuwa. Dole yawan jerin ya zama lamba marar rabuwa, amma hakan bai wadatar ba: jeri 11 yana ba da 2.047, wadda ita ce 23 sau 89. Saboda haka sai an gwada kowace lamba. Ta Durant ita ce ta 52 da aka samu a wannan zuriya.

A 1876, Bafaranshe Edouard Lucas ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39 da hannunsa, ba tare da na'ura ba. Hanyarsa, wadda Derrick Lehmer ya gyara daga baya, ita kwamfutoci ke bi wajen tabbatarwa.

Ina amfanin wannan wahala? Ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma gano su daga sakamakon yana da matuƙar wuya. A kan wannan aka gina tsarin sirri na RSA a 1977, wanda ke cikin hanyoyin kare saƙonnin banki da ciniki ta intanet. Mabuɗan suna amfani da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma ne kawai. Ta Durant ta yi girma da yawa, kuma kowa ya san ta, don haka ba ta zama mabuɗi. Sai dai duk ranar da aka samu hanya mai sauri ta warware irin wannan ninki, wannan kwaɗo na kuɗin jama'a zai buɗe.

Tambaya ɗaya ta rage wa masana har yau: shin lambobin Mersenne marasa rabuwa su ma ba su da iyaka? Babu wanda ya tabbatar.