Yadda tayin rakiya zuwa cefane ya karya ƙiyayya

Duk wanda ya saba zama a rumfunan kasuwannin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ya san idan ciniki ya ɓaci kalmar da ke saurin fitowa ita ce "Bayahude". Mai tsawwala farashi Bayahude ne, mai tauye mudu yana yahudanci, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Tun ɓarkewar yaƙin Gaza a 2023, wasu masu bugo mana waya a gidan rediyo ba sa raba gwamnatin Isra'ila da kowane Bayahude na duniya. Shi ya sa muka kawo muku labarai biyu daga waje.

A 1991, a garin Lincoln na jihar Nebraska ta Amurka, wani mai jagorantar addu'o'i a wurin ibadar Yahudawa, Michael Weisser, ya tare a sabon gida da matarsa Julie. Ba su gama kwance kaya ba aka bugo masu waya da barazana, daga baya aka aiko takardun zagi. Mai wannan aiki shi ne Larry Trapp, shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan a jihar, masu ƙin baƙar fata da Yahudawa. Ciwon suga ya riga ya raba shi da ƙafafunsa biyu, ganinsa kuma ya yi rauni.

Weisser bai rama zagin ba. Ya riƙa kiransa yana bar masa saƙo, har yana tuna masa cewa ƴan Nazi da yake yabo sun hallaka naƙasassu irinsa. Ran da Trapp ya ɗauki waya a fusace, sai Weisser ya ce ya ji yana kan keken guragu, ko yana son a kai shi cefane? Trapp ya ƙi, amma ya yi godiya. A watan Nuwamba sai ga shi ya bugo da kansa, ya ce yana son fita daga ƙungiyar amma bai san hanya ba. Weisser da matarsa suka je masa da abinci, ya cire zobbansa masu tambarin Nazi ya miƙa masu. Ya nemi gafarar waɗanda ya tsangwama, kuma da ciwo ya tsananta Julie ta bar aikinta ta yi jinyarsa. A gidansu ya rasu a watan Satumba na 1992.

Labari na biyu na Marshall Rosenberg ne, masanin halayyar ɗan Adam, Bayahude da ya sha tsangwama a makaranta a Detroit, ya rasu a 2015. A littafinsa ya ba da labarin wani masallaci a sansanin ƴan gudun hijira na Dheisheh kusa da Baitalahmi, inda wani Bafalasɗine ya miƙe ya kira shi mai kisan kai don shi Ba'amurke ne. Rosenberg bai kare kansa ba, sai ya riƙa tambayarsa abin da ke ci masa rai: gida, magudanar ruwa, makarantar ɗansa. A ƙarshe mutumin ya gayyace shi buɗa-baki.

Hanyar da Rosenberg ya koyar matakai huɗu ce: faɗi abin da ya faru ba zagi, faɗi yadda ka ji, faɗi buƙatarka, sannan ka roƙi abu takamaimai. Maimakon "duk ƙabilarku macuta ne", sai ka ce: "Alhaji, mun yi za ka biya jaka hamsin, yau kasuwa uku ke nan. Hankalina a tashe yake don mai kaya na jirana. Ko za ka ba ni rabi yau?" Bashin na nan, amma ba ka haɗa dangin mutum duka cikin laifinsa ba.

Sauraro ba yarda da zalunci ba ne, kuma ba kowane maƙiyi ke tuba kamar Trapp ba. Mutum na iya sukar abin da ake yi wa Falasɗinawa da babbar murya ba tare da ya tsine wa al'umma guda ba.

Mu ma mun san zafin kuɗin goro. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, Hausawa da yawa suka baro shagunansu a zango, a 1983 kuma Najeriya ta yi irin haka. Malamanmu suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, kuma ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa. Idan an iya ciniki da amana a Madina, ran kasuwa mai zuwa kafin kalmar nan ta fito, mu kira mai tauye mudu da sunan laifinsa kawai.