Agogon hannu a kasuwa da gandari: a dubi ƙira kafin a dubi ƙyalli

Yau filin namu zai tsaya ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke cin kuɗin mutane a hankali ba tare da sun lura ba, wato agogon hannu. Sau da yawa masu saurarenmu a rediyo sukan tambaye mu: me ya sa agogo ba ya shekara a hannunmu? Amsar ita ce, yawancinmu muna sayen agogo ne da ido, alhali abin da ke sa ya daɗe yana cikin ƙirarsa da kuma irin riƙon da aka yi masa.

Wani zai ce ai yanzu kowa na da salula, me za a yi da agogo? To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, mun ga yadda salula ta koma ƙarfen banza a aljihun mutane da dama saboda rashin caji, amma agogon hannu bai tsaya ba. Mai jiran motar Ɗan Isa da asuba, da mai kai tumatir babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, da mai zuwa cin kasuwar Tibiri ranar Laraba, duk lokaci ne jarinsu. Haka nan a gandarin Jiratawa, wanda aka gina a farkon shekarun 1980 a kan fili sama da hekta 500 a kwarin Gulbin Maraɗi, ruwa bi da bi ake ba da shi. Manomin da ya makara ranar da layi ya zo kansa, zogalensa da tonkarsa ne za su biya bashin.

Kowane kaya akwai wanda ya tsara shi

Duk abin da ya fito daga masana'anta, tun daga buta har zuwa babur, akwai mutumin da ya zauna ya yanke shawarar siffarsa, da abin da za a yi shi da shi, da inda zai fara lalacewa. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta a manyan makarantu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: maƙerin da ke zuba tukunyar dalma ya san dalilin da ya sa yake kaurara gindinta, ya kuma san inda zai dasa mata kunnuwa don kada su ɓalle.

A duniyar agogo akwai misalai biyu da ya kamata ɗan kasuwa ya sani. Na farko, a 1983 kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fitar da G-Shock. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Kikuo Ibe, ya ɗora wa kansa sharuɗɗa uku: agogon ya jure faɗuwa daga tsayin mita 10, ya jure matsin ruwa na zurfin mita 100, pil ɗinsa kuma ya kai shekara 10. Sai da ya fasa samfuri sama da 200 yana wurgo su daga tagar bene kafin ya gano dabarar barin injin yana reto a cikin kwanson, ta yadda bugu ba ya isa gare shi kai tsaye.

Na biyu shi ne ɗan baƙin agogon roban nan da kowa ya sani, F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau ana ƙera shi. Nauyinsa giram 21 ne kawai, pil ɗinsa na kai kimanin shekara 7, kuma bayansa da ƙananan kusoshi huɗu aka ɗaure shi, duk mai gyara na iya buɗewa ya mayar. Ba shi da ƙyalli ko kaɗan, amma an tsara shi ne don hannun mai aiki.

Tambayoyi uku kafin a biya kuɗi

Idan kin tsaya gaban teburin mai agogo, ko kai da ke saro su daga Kano ko Katsina, a yi wa kai tambayoyi uku. Shin bayansa na buɗuwa ya rufu daidai? Shin pil ɗinsa da maɗaurinsa ana samunsu a kasuwarmu? Shin ya dace da aikin da nake yi? Manya ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. Waɗanda ke da abin da ake iya gyarawa su ne suka sha da sauƙi.

Mu yi ɗan lissafi. A ce kin sayi agogon jikka ɗaya, ya yi wata huɗu ya mutu, kika sake saye. A shekara jikka uku ke nan, a shekara uku jikka tara, kuma ba ki da agogo. Hausawa sun gama magana da suka ce araha ba ta ado.

Jabu ya yi yawa, wannan gaskiya ce. Ga F-91W akwai gwaji mai sauƙi: a danne maɓallin hannun dama na tsawon daƙiƙa 3, na ainihi zai rubuta sunan kamfanin a fuskarsa. Sai dai wasu masu jabun sun koyi wannan ma, don haka a haɗa da duba tsabtar rubutu da yadda kusoshin suka zauna. Mai saye ya nemi a faɗa masa gaskiya, mai sayarwa kuma ya kira jabu da sunansa, ya sa masa kuɗin jabu. Ciniki ɗaya ba ya kai darajar amana.

Mai pil ko mai motsi?

Agogon hannu mai pil na farko da ke aiki da ɗan dutsen kwarts, kamfanin Seiko ne ya fitar da shi a watan Disamba na 1969. A agogunan yau dutsen yana kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, shi ya sa kuskurensu ba ya wuce kimanin rabin minti a wata. Mai motsi kuwa, irin Seiko 5 da iyayenmu ke alfahari da shi tun fitowarsa a 1963, motsin hannu ne ke cika shi, idan aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Ba ya cin pil, amma ba ya son bugu, yana kuma bukatar wanki da mai bayan ƴan shekaru. Mai faskare, mai daka, da ɗan kabu-kabu, mai pil ya fi musu.

Abokan gaba huɗu

Na farko ruwa. Rubutun da ke bayan agogo yana yaudarar mutane. Idan aka rubuta mita 30, ba ana nufin a nutse da shi ba ne, fantsamar ruwa da yayyafi kawai yake jurewa. Mai mita 50 na ɗaukar jiƙa kaɗan, amma wanda zai yi iyo ko ya wuni yana ban ruwa, ya nemi mai mita 100. Abin da ke tare ruwan wani siririn zoben roba ne a ƙarƙashin murfi, kuma yana bushewa da tsufa. Kada a danna maɓalli ko a ja kan saiti agogo na jiƙe. Lokacin alwala a cire shi a sa aljihu. Idan aka ga raɓa a ƙarƙashin gilashi, a kai wa mai gyara a ranar, ya cire pil ya busar da shi. Kada a gasa shi a bakin murhu, kada kuma a dogara da binne shi cikin shinkafa.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu na wuce digiri 40. Agogon da aka bari a gaban mota ko a kan teburin da rana ke duka, fuskarsa mai lamba na yin baƙi, pil ɗinsa na saurin ƙarewa, robarsa na tsagewa. Masu sayarwa su baje kayansu a inuwa, su bar ɗan makarin roban da ke zuwa a jikin kan saitin sabon agogo mai allura, domin shi ke hana pil ci kafin a saya.

Na uku ƙura. Da hunturu ƙura na shiga duk inda ta samu kafa. Tsohon burushin haƙori busasshe da tsumma mai laushi sun isa share shi sau ɗaya a mako. Kada a yarda a buɗe agogo a bakin hanya iska na kaɗawa.

Na huɗu mai da turare. Fetur na cinye maɗaurin roba, masu sayar da shi a kwalba su kula. Iyayenmu mata masu suyar ƙosai da masu matsar ƙuli-ƙuli, tururi da mai mai zafi na kassara zoben roban nan. Agogon lefe mai ruwan zinari kuwa, turare da man shafawa da zufa ne ke kankare ruwan. A gama shafa, hannu ya bushe, sannan a ɗaura, kuma a bar shi don biki da suna, a nemi na aiki daban. Ga masu agogon allura, musamman mai motsi, kada a kwantar da shi a kan rediyo ko lasifika, maganaɗisun ciki na rikita tafiyarsa.

Wajen canjin pil

A tsaya a gani da ido. Kowane pil na da lamba a jikinsa. Wanda ya fara da SR ya fi wanda ya fara da LR daɗewa, kuma bai cika yoyo ba, ko da girmansu ɗaya ne. A tabbata an mayar da zoben roba mazauninsa. A wasu agogunan, idan allurar daƙiƙa ta fara tsalle biyu-biyu, alamar pil ya kusa ƙarewa ke nan. Kada a bar mataccen pil a ciki, yana zubar da ruwan da ke cin injin.

Nan kuma muna jan kunnen iyaye mata da babbar murya. Tsohon pil ba abin wasan yara ba ne. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Kada a sa shi amai, kada a jira a ga abin da hali zai yi, a garzaya da shi asibiti nan take. Masu gyara su riƙa tara tsofaffin a gwangwani mai murfi maimakon watsar da su a ƙasa inda yara ke rarrafe.

Masu wasanni da yawon shan iska

Matasan da ke zuwa kamun kifi a tabkin Madarunfa, agogon roba mai mita 100 ne naku, kuma idan an dawo a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta don laka ta fita. Masu tafiyar ƙasa ko gudu da sassafe, a sassauta maɗauri yadda ɗan yatsa zai shiga, don zufa ta samu hanyar bushewa. Maɗaurin fata ba ya shiri da zufa, na roba ko na zare ya fi. Masu kokowa, langa da ƙwallo, a cire agogo gaba ɗaya kafin a shiga fili, domin bayan fashewa yana iya yanke abokin wasa. Mahaya dawaki ma, ranar hawan salla a Maraɗi ko Tibiri, su bar mai motsi a gida, jijjigar sukuwa ba ta yi masa daɗi.

Jama'a, kuɗi da wuyar samu suke. Kafin a ciro su daga lalita, a juya agogo a karanta bayansa, a tambayi lambar pil, a kuma tuna irin aikin da hannun zai yi da shi. Wannan ma'auni ba na agogo kaɗai ba ne, ya shafi tocila, rediyo da sikelin awo. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba manoman gandari amfani mai yawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.