Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ɗaukar Caji: Abubuwan Dubawa Kafin Sayen Sabon Batir

BAUCHI — Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama jari a hannun masu sana'o'i da yawa a birnin Bauchi, tun daga masu shagunan buga takardu da ke kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yalwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, har zuwa 'yan kasuwar da ke ajiye lissafin kayansu a Wunti da Muda Lawal. Darajarta a wurinsu tana ga batirinta, domin shi ne ke riƙe aiki idan an ɗauke wuta. Ranar da aka jona ta amma batirin ya ƙi ƙaruwa, ciniki ya koma jiran wuta ko ƙona fetur a janareta.

Da yawa kan yanke hukunci nan take cewa batir ya mutu, su tafi sayen sabo. Wannan gaggawa tana da tsada, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki darajar naira a kasuwa, farashin kayan da ake shigowa da su ya tashi. Wuta tana bi ta matakai kafin ta kai ga batir, kuma kowane mataki yana iya zama inda matsalar take. Hanya mafi araha ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga bango zuwa cikin na'ura.

Mataki na farko shi ne soket da filogi. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma filogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da ƙaramin fiyus a cikinsa wanda kan tsinke idan wuta ta yi yawa. A gwada soket ɗin da wani abu, kamar fanka ko cajar waya, a kuma kauce wa soket ɗin ja mai baki da yawa, wanda sau da yawa bakinsa kan saki. Wayar da ke haɗa bango da tubalin caja ita kaɗai ake sayarwa, kuma ita ce mafi arha a cikin duk abin da kan lalace.

Mataki na biyu shi ne cajar kanta. Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, wanda ya koma hannun 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, shi ne ke ba jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai wuta, amma shaguna da yawa suna haɗawa da ƙananan janareta ko wutar sola. Yawancin cajojin kwamfuta an ƙera su ne su karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, kamar yadda ake rubutawa a bayansu, saboda haka ƙarancin wuta kaɗan ba ya hana su aiki. Abin da ya fi kashe su shi ne tashin wuta farat ɗaya, a lokacin da aka maido ta ko aka tada ƙaramin janareta maras na'urar daidaita wuta. Mai gyara zai iya auna abin da caja ke fitarwa da mita cikin minti guda. Na HP da Dell yawanci bolt 19.5 suke bayarwa, na Lenovo bolt 20, na Acer da Asus bolt 19.

Ƙarfin caja ma abin lura ne. Akwai mai wat 45, akwai 65, akwai 90. Idan aka sa mai wat 45 a na'urar da ke buƙatar 90, tana iya kunnuwa ta yi aiki, amma babu rarar wutar da za ta shiga batir. Haka nan cajar wayar salula mai baki irin na USB-C tana shiga ramin sababbin kwamfutoci, amma sau da yawa ba ta da ƙarfin cika su.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Dell da HP, waɗanda suke da yawa cikin kwamfutocin hannu da ake kira tokumbo. A tsakiyar kan cajarsu mai faɗi akwai siririyar allura. Ta wannan allura ce kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Idan ta lanƙwashe ko ta karye, ko kuma cajar jabu ce, na'urar Dell kan ci gaba da aiki amma ta ƙi cajin batir, har ta nuna gargaɗi a lokacin kunnawa cewa ba ta gane cajar ba. A nan batir lafiyarsa ƙalau. Aron caja ta asali daga wani mai irin na'urar ya isa ya raba gardama ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mataki na uku shi ne ramin da ake soka caja. Idan sai an karkata wayar ko an danne ta kafin fitilar caji ta kama, to ramin ya saki ko ƙura ta cika shi. Sauya shi ƙaramin aiki ne a wurin mai gyara, amma barinsa yana tartsatsi yana iya kai ɓarnar ga babban allon na'ura, inda kuɗin gyara ke ninkawa.

Mataki na huɗu shi ne zafi. Batirin lithium, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ana cajinsa ne tsakanin ma'aunin zafi 0 zuwa 45. A watannin Maris da Afirilu zafin Bauchi kan kusanci 40 a waje, balle cikin shago mai rufin kwano. Idan aka ƙara da ƙurar hunturu da ta toshe fankar na'ura, batir kan wuce ƙa'ida, sai na'urar ta dakatar da caji da kanta domin kariya. A kashe ta, a bar ta ta huce a kan tebur, sa'an nan a sake gwadawa. Ajiye ta a kan katifa ko darduma yana toshe kafofin iska.

Mataki na biyar shi ne saitin cikin na'ura. Wasu kamfanoni sun sa tsarin da ke tsayar da caji da gangan domin batir ya daɗe. A Lenovo da Asus, tsarin kan tsaya a wajajen kashi 60 ko 80 cikin 100. Wanda ya sayi na hannu yana iya tarar da shi a kunne ba tare da sani ba. Batirin da kullum yake tsayawa a lamba ɗaya, saitinsa ya kamata a fara dubawa. Bugu da ƙari, a kashe na'ura, a cire caja da batir idan mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, a mayar. Wannan kan farfaɗo da ɓangaren da ke kula da caji idan ya rikice.

Sai bayan waɗannan ne ake zuwa ga batir. Batirin lithium yana raguwa da amfani, kuma bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 yakan fara nuna gajiya. Windows tana da hanyar aunawa: idan aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage. Alal misali, idan na farko 45,000 ne, na biyu 12,000, batirin ya gama yayinsa. Wannan rahoto ya kamata mai sayen kwamfutar hannu ya nema tun a gaban mai sayarwa, kafin ya biya.

Batirin da ya kumbura, har ya ɗaga madannai ko ya buɗe jikin na'ura, ba a ci gaba da cajinsa, ba a kuma huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. A watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda haɗarin gobara. A kasuwa mai shaguna manne da juna, asarar ba za ta tsaya ga mai kwamfuta kaɗai ba.

Idan caja mai kyau da batir mai kyau duk sun ƙi, to matsalar tana kan babban allo, kuma aikin ƙwararre ne. Kafin a miƙa na'ura, a kwafe bayanan ciniki da na bashi zuwa wani wuri. Wajen sayen caja ko batir kuwa, a tafi da na'urar a gwada a shagon, a daidaita lambar da ke jikin tsohon da ta sabon, a karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti. Araha ba ta ado: cajar jabu da aka saya domin rage kuɗi ita ce kan ƙone allon da ya fi ta tsada ninki da yawa.