Wa Ya Ƙera Wuƙar Nan?

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah mahaifina ya aike ni kasuwa in sayo wuƙar fiɗa irin wadda ya saya shekaru uku baya. Waccan ta feɗe raguna da yawa ba ta dakushe ba, sai wani ya ara bai dawo da ita ba. Na zaga rumfuna, kowane mai sayarwa yana rantsuwa tasa ce ta ainihi. Na zaɓi ɗaya, ranar layya tun ba a gama fiɗar rago ba bakinta ya lanƙwashe. Maƙerin da ya yi ta farkon ya yi asarar ciniki bai sani ba, domin babu wata alama a jikin wuƙarsa da za ta kai ni wurinsa.

Yawancin wuƙaƙen da maƙeranmu suke yi haka suke fita, babu suna babu tambari. Idan suka haɗu a faifan ɗan kasuwa, aikin gwani da na ɗan koyo kuɗinsu ɗaya.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane wannan matsala. A Turai an tono takubba kimanin 170 da aka ƙera tsakanin ƙarni na 9 da na 11, ɗauke da sunan Ulfberht a jikinsu. Sunan ya yi farin jinin da har wasu maƙeran suka riƙa kwaikwayonsa, wani lokaci da kuskuren rubutu, a kan takubban da ƙarfensu bai kai na ainihin ba. Ashe jabu ba yau aka fara ba. A garin Shafil na Ingila kuwa, majalisar dokoki ta kafa ƙungiyar masu ƙera wuƙaƙe a shekarar 1624, kuma cikin ayyukanta akwai yi wa tambarin kowane maƙeri rajista. Da haka in wuƙa ta yi kyau an san wanda za a yaba wa, in ta karye an san ƙofar da za a buga.

To, yaya ake sa alamar? Tsohuwar hanya ita ce a buga ta da ƙarfen hatimi tun ruwan wuƙar yana ja a wuta, kafin a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri. Bayan ya yi tauri, duka ɗaya na iya tsaga shi, aikin yini guda ya tafi a banza. Shi ya sa masu ƙera wuƙa da hannu da yawa a yau suke amfani da wata dabara da ba ta buƙatar guduma: ruwan gishiri da batir.

Ga yadda take. Ana wanke ƙarfen tas, a cire duk wani maiƙo. Sai a rufe wurin da abin da ruwa ba ya ratsawa, kamar jan farce ko salatif, a zana alamar da tsinin allura har ƙarfen ya bayyana. Daga nan a ɗauko batir mai ƙarfin bolt 9 da wayoyi biyu. Wayar da ta fito daga ƙafar (+) a maƙala ta jikin ƙarfen. Ta ƙafar (–) kuma a haɗa ta da 'yar audugar da aka jiƙa da ruwan gishiri. Sai a riƙa dangwala audugar a kan zanen, ana ɗagawa ana mayarwa. Cikin 'yan mintoci audugar za ta yi dauɗa, a kuma ga ƙananan kumfa. Idan aka goge jan farcen, alamar ta zauna a cikin ƙarfen, ba a samansa ba. A ƙarshe a wanke, a busar, a shafa mai don kada tsatsa ta kama.

'Yan ajin kimiyya sun riga sun gane abin da ya faru. Wannan shi ne elektirolisis ɗin da muke haddacewa don jarrabawa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki. A ɓangaren (+) ƙwayoyin ƙarfe suna sakin elektiron, su narke su bi ruwan, shi ne dauɗar da ke jikin audugar. Kumfar ɓangaren (–) kuma iskar haidirojin ce. Inda jan farce ya rufe lantarki bai kai ba, sai wurin ya tsira. Wanda ya juya wayoyin zai gaji da jira, ƙarfen ba zai ciwu ba.

Mai son gwadawa ya nemi guntun ƙarfe ko tsohon faranti, ba wuƙa ba, domin wuƙa ba ta da wurin zama a jakar makaranta. A yi a fili inda iska ke kaɗawa, da sanin malami ko wani babba. Kada a kusanci wutar soket ko kaɗan, batir kaɗai ya isa. Ruwan da ya rage a zubar nesa da abinci da dabbobi.

Sa alama ba wuya, tsayawa a bayanta ne aiki. Ranar da maƙeri ya rubuta sunansa a wuƙa, ya ɗaure kansa ke nan: ba zai ƙara yin ha'inci a ƙarfe ba, don mai saye ya san hanyar maƙerarsa. Da yawanmu 'ya'yan maƙera ne, ko jikokinsu, ko maƙwabtansu. Idan an yi hutu, ka je maƙera da batir da gishirinka, ka ce wa Baba ya zaɓi harafi biyu na sunansa. Wataƙila baɗi wani yaron da aka aika kasuwa zai san wuƙar da zai nema.