Fankar lantarki a tsohuwar Fijo: inda take taimako a zafin Garwa da inda ba ta yi

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, wanda ya tsaya kusa da gadar Binuwai ko bakin babbar kasuwar Garwa da tsakar rana ba zai rasa ganin mota an ɗaga mata bonet ba, direba na tsaye da jarka yana jiran lagireto ya huce. A wannan lokaci zafin garin nan yakan wuce digiri 40. Waɗanda suka fi shan wahalar su ne masu tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo.

Motar ta fara fita a Faransa a 1968, aka kuma buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, inda aka ci gaba da ƙera ta shekaru da yawa bayan Turawa sun daina. Shi ya sa har yanzu ake samun kayanta ta Yola da Mubi, ko da yake kullum ƙara wuya suke. Ni ma ina da guda, gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma albashin malamin makaranta ba ya sayen inji sau biyu.

Ainihin fankar 504 tana jikin famfon ruwa, fambel ke juya ta. Masu ƙirar sun sa mata wani maganaɗisu da ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ya sake ta idan ya huce. A yawancin motocinmu wannan ya daɗe da mutuwa, an ɗaure fankar da noti tana juyawa koyaushe. Matsalar ita ce gudunta gudun inji ne. A kan hanyar Marwa, mota na tafiya, iska na shiga da kanta, ba a ma buƙatarta sosai. Amma a cunkoso, ko a layin shingen bincike, inji na juyawa a hankali, fanka ma haka, a daidai lokacin da babu wata iska da ke ratsa lagireto. A nan allura ke hawa.

Fankar lantarki ba ruwanta da gudun inji. Daga batir take ci, ko mota na tsaye tana jan iska da ƙarfinta. Galibi ana ciro ta ne daga jikin ƙananan Toyota da aka yanka. Sai dai sa ta yana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake kuskure.

Ta fi aiki idan tana bayan lagireto tana zuƙo iska, a manne da shi, da murfinta na roba, don kada iskar ta bi gefe. In babu wuri, a sa ta gaba tana turawa. Kowanne aka zaɓa, a gwada da 'yar takarda a gaban mota: in takardar ta manne, daidai ne; in ta tashi, an juya waya, fankar na faɗa da iskar hanya. Kada a yarda a soka igiyar roba ta cikin lagireto don riƙe ta. A hanyoyinmu masu gargada, igiyar za ta yi ta goga har ta huda bututu. A sa mai walda ya yi mata ƙafafu na ƙarfe.

Sai batun waya. Fanka irin wannan tana jan wuta da yawa, musamman lokacin tashi. Dole ta samu waya mai kauri daga batir, da fiyus kusa da batirin, da rile, sannan makunnin zafi da ke jikin lagireto ya riƙa kunna ta yana kashewa. Karon farko da aka sa mini, rewayan ya haɗa ta kai tsaye da makullin mota, ba fiyus ba rile, ya ce haka kowa ke yi. Ba a yi sati biyu ba na ji ƙaurin roba a ƙarƙashin sitiyari, muna hanyar kasuwar Pitoa ran Lahadi, yara na baya. Wayar ta narke. Allah ya tsare, amma na sake biyan kuɗin aiki har da na makulli. Wasu kuma sukan sa makunni na hannu a gaban direba. Ba laifi a matsayin ƙari, amma ranar da ka ba ƙaninka aron mota, shi zai tuna? A kuma duba ƙarfin caja, don tsohuwa ba lallai ta ɗauki fanka da fitilu da dare ba.

Abin da fankar ba ta iyawa shi ne gyara lagireton da ya toshe. Ruwan rijiya da muke zubawa yana barin farin gishiri a cikin bututu. Ƙurar hunturu da burbushin auduga, lokacin da manyan motocin Sodecoton ke zirga-zirga, suna liƙe shi ta waje. Alamar a bayyane take: motar da ke zafi a cunkoso kaɗai, ta huce in an kama hanya, fanka take so. Wadda ke zafi tana gudu, ko a hawan dutsen Mbe kafin Ngaundare, lagireto ne ko famfon ruwa ko fambel, wani lokaci ma murfin lagireton ne ya saki. Fanka biyu ma ba za su cece ta ba. Kan injin 504 na alminiyom ne; in ya tafasa da kyau yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Tawa sai da aka ciro lagireton aka wanke shi ciki da waje, aka mayar da tamostat ɗin da wani ya cire tun zamanin Baba, kafin aka sake ɗaura fankar. Yanzu in na tsaya ɗaukar yara a ƙofar makaranta, nakan ji ta kama da kanta, ta yi kamar minti ɗaya, ta yi shiru. Jarkar dai tana nan a but.