Ruwan Duwatsun Jos A Ƙofar Itas

Wanda duk ya tsaya a bayan garin Itas ya ɗaga kai, da wuya ya hangi dutse. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi da fadama, sai kuka da goruba jefi-jefi. Amma fa arzikin manomin wannan yanki da hasararsa duka daga kan duwatsu suke gangarowa.

Kogin da ya ratsa ƙasar, watau Kogin Jama'are, asalinsa can tudun Jos ne, inda ƙauyuka ke zaune kamar ƙafa 4,000 bisa teku. Ruwan da ya zuba a kan duwatsun nan shi ke taruwa cikin ƙoramu irin su Dilimi, ya biyo ta ƙasar Ningi, inda ake kiransa Bunga, ya sauko Jama'are, ya wuce Itas da tsohon garin Katagum, har ya gamu da Kogin Haɗeja kusa da Gashuwa. A kan dutse gudu yake yi, da ya iso rairayi sai ya lafa ya bazu. Shi ya sa akan kwana ba a ga hadari ba, a wayi gari kogi ya cika ya batse.

Bazuwar nan ita ke jiƙa fadamun shinkafa, ta bar wa masunta kifi, makiyaya kuma ciyawar rani. Ruwan damina kuwa ba ya ƙyale hanya. A cikin watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri tsakanin Jama'are da Azare, motoci suka yi cirko-cirko. In titin Gwamnatin Tarayya ya ga haka, ina ga burjin ƙauye, wanda mai haƙuri zai bi zuwa asibiti?

An daɗe ana maganar tare kogin a Kafin Zaki. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba da aikin madatsar, aka tsayar a 1984, aka farfaɗo da shi a 1992, ya sake tsayawa. Mutanen Bauci na son ruwan don noman rani. Na Yobe da Borno kuwa sun ga yadda madatsar Tiga ta rage malalar Kogin Haɗeja, suna tsoron fadamunsu su bushe, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Har yanzu dai ba a gina madatsar ba.